Malam Giɓi da 'Yarsa Mai Zuwa Kullum

Mahaifina ya yi ritaya daga wani ofishin ƙididdiga na harkar lafiya, kuma aikinsa duk tsawon shekarun nan shi ne kula da abin da babu. Ba wasa nake yi ba. Ma'aikata kan fita asibitoci da unguwanni su yi tambayoyi, su auna nauyi, su auna jini, sannan a kawo a zuba a kwamfuta layi-layi, kowane mutum da layinsa, kowace tambaya da gurbinta. Abokan aikinsa gurbin da aka cike suke so, don da shi ake lissafi a tashi a tafi gida. Shi kuwa Baba idonsa yana kan wanda aka bari fayau. Shi ya sa suka laƙaba masa Malam Giɓi. Sunan ya biyo shi har gida, har mai kantin bakin layinmu ma haka yake kiransa, yana ta leƙen bakinsa yana neman haƙorin da ya fita.

Mu biyu ya haifa, ni da Auta. Gara in faɗa tun yanzu don kada a yi ta zagaye: ina kishin ƙanwata. Ba kyanta nake kishi ba, ba mijinta ba, ba gidanta ba. Abin da nake kishi shi ne yadda Baba yake nemanta. Ita ta yi aure can nesa, tafiyar yini guda a mota, ba ta zuwa, kiran waya ma sai ta ga dama. Ni kuwa layi kaɗan ne tsakanin gidana da nasa, kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu, ba ranar da zan tashi daga makarantar da nake koyarwa ban biya ta wurinsa ba. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba. So nake wata rana ya ɗago kai ya dube ni irin duban da yake yi wa gurbin da babu komai a ciki.

Da buga keken rubutu ya fara a ofishin. Da aka kawo kwamfutoci sai aka tura shi kwas, ya dawo yana rubuta musu umarni da yatsu biyu, kuma har ya bar aiki bai ƙara na uku ba. Ina tuna ɗakin. Na'urar sanyaya ɗaki aka saka don injinan, ba don mutane ba, saboda haka Baba yakan fita gida da rigar sanyi a kafaɗa ana tsakiyar zafi, maƙwabta suna yi masa sannu da jiki. Akwai kujera mai juyawa wadda ƙafarta ɗaya ta gaji, da butar shayi da aka hana ajiyewa kusa da wayoyin wuta amma kullum a can take, da taga da aka liƙe da jarida don rana tana kashe allon.

A ɗakin nan ya sha kunyar da ta mai da shi Malam Giɓi, kuma da bakinsa yake ba da labarin, yana dariya har da share hawaye. An kawo masa awon jarirai daga asibitoci aka ce ya fitar da matsakaicin nauyinsu. Ya ba injin umarni, inji ya ba shi amsa, ya buga a takarda ya kai wa shugaban sashe yana tafiyar ƙasaita. Shugaba ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, jariran nan naka sun kusa kai rabin buhun siminti. Da me ake shayar da su?"

Ashe masu cike bayanan suna da wata ɗabi'a. Idan ba a auna yaro ba, ba sa son barin gurbin haka nan kada a ce ba su yi aiki ba, sai su rubuta casa'in da tara. A wurinsu ma'anarta babu. Shi kuwa inji bai san wannan yarjejeniya ba, ya ɗauka kilo casa'in da tara ne, ya tara ya raba. Aka yi wata guda ana tsokanarsa a ofis, duk wanda ya gan shi sai ya tambayi lafiyar ƙattin jariransa.

Tun daga ranar ya daina yarda da lissafi sai ya bi layukan da idonsa. Kafin ya tara komai sai ya nemo inda babu, da inda aka rubuta wani abu don rufe babu, ya tsaya a kai yana tambaya ɗaya: me ya sa? Akwai hanyoyin sauƙi, kuma ya san su duka. Ana iya share layin mutumin gaba ɗaya a huta. Ana iya zuba sifiri. Ana iya ɗauko matsakaicin sauran mutane a cusa masa, ko a kwafo awonsa na ƙarshe a ci gaba da maimaitawa kamar lokaci ya tsaya masa. Baba bai haramta ko ɗaya ba, sai dai sifiri da yake cewa ƙarya ce tsagwaronta, don wanda ba a auna ba ai ba iska ba ne. Amma ba ya taɓa cike gurbi sai ya san abin da ya kawo shi. An taɓa yin bincike kan wani maganin hawan jini, alƙaluma suka nuna kowa yana samun sauƙi. Baba ya lura waɗanda suka daina zuwa awo suna da yawa. Ya dami ofis har aka ba da mota aka bi su gida-gida, aka tarar da yawansu ba warkewa suka yi ba, tashi ne ya gagare su. Wannan labarin ba ya dariya idan yana ba da shi.

To, wannan mutumin ne nake yi wa hidima kowace rana. Bayan ritaya ma bai huta ba, ɗalibai da masu bincike suna turo masa bayanansu ya gyara. Zan shigo da yamma in same shi a falo, kwamfutar cinya a kan tsohon teburin ɗinkin mahaifiyarmu, tabarau a ƙarshen hanci, fanka tana kaɗa labule. In yi sallama, ya amsa idonsa na kan allo.

"Yaya, kin zo? Lafiya dai?" Yaya yake kirana tun da Auta ta fara magana ta sa mini.

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla. Auta ta kira ki kuwa?"

Haka muke yi kullum, kamar karatun allo. In shiga kicin in ɗora tukunya, in jera masa magungunansa a ɗan faranti, in kwashe wanki, in duba ko ya sake barin shayi ya bushe a kofi. In Auta ta kira kuwa, ka ga tsoho ya zama yaro. Ya rufe kwamfuta ruf, ya miƙe tsaye, ya fita baranda inda waya ta fi kamawa. Sai ka ji yana tambayarta: Muryarki ta yi ƙasa, mura ce? Me ya sa kika yi shiru kafin ki amsa? Ni ina can ina kankare tukunya ina jin su, cokali yana shan wahalar da ba laifinsa ba.

Wata rana ana hutun makaranta na ji wani kumburi a gefen cikina. Na share, ya ƙi tafiya. Na je asibiti aka ɗauki hoto, likita ta ce ƙari ne, sai an yi aiki an cire, daga nan a san ko wane iri ne. Ta ba ni rana. Na dawo gida na gaya wa maigidana, na kuma sa shi ya yi mini alkawarin ba zai gaya wa Baba ba. Ya ce, "Haba, wannan wane irin abu ne? Mahaifinki fa." Na ce masa kada hankalin tsoho ya tashi. Ba shi ne dalilin ba. So nake ya gano da kansa. Mutumin da ya hango marasa lafiyar da bai taɓa gani ba daga cikin layukan kwamfuta, ai ba zai kasa ganin 'yarsa da take tsaye a gabansa ba.

A daidai lokacin ne Auta ta ga damar ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Kira ya tsaya. Idan aka neme ta, waya a kashe. Lambar mijinta da muke da ita tsohuwa ce, wata mata ce ma take ɗauka tana yi mana faɗa. Baba ya daina cin abinci sosai. Ni kuma ina ta ramewa, zane yana kwance mini, ina ɗora tukunya in nemi kujera in zauna kafin ta tafasa. Sau ɗaya ya ce wani abu a kai, wai kwanan nan gishirina yana yawa.

"Baba, ka kwantar da hankalinka," na ce masa wata yamma ina ninke masa kaya. "Kiran ƙarshe da ta yi ai lafiyarta ƙalau, har dariya kuke yi."

Ya juyo da kujera gaba ɗaya, abin da ba ya yi mini. "Kin ji ki! Awon ƙarshe za ki kwafo ki liƙa mata? Abin da ya kusa kashe masu hawan jinin nan ke nan."

"To ai haka 'yan yanzu suke, duk ƙawayenta ba sa kiran gida."

"Yanzu kuma matsakaici kika ba ta. Zauna, Yaya, in gaya miki." Na zauna. "Rashi iri-iri ne. Akwai na tsautsayi, batirin sikeli ya mutu, ko shayi ya zube a takarda. Wannan ba ya ɓoye komai, kina iya wucewa. Akwai wanda dalilinsa yana nan kusa in kin duba, kamar mutanen ƙauye da ba sa zuwa awo da damina don hanya ta yanke. Shi ma da sauƙi. Amma akwai mugun, wanda abin da kike nema ɗin ne ya hana a gan shi. Mai ƙiba ya ƙi hawa sikeli saboda ƙibar. Mara lafiya ya ƙi zuwa saboda ciwon. Ta yaya zan san shirun Auta ba irin wannan ba ne?"

Na dube shi, zuciyata tana tafasa. Ga hannuna a kan cikina, daidai wurin. Na ce, "Ni fa, Baba?"

Ya yi murmushi, har da ɗan dafa kafaɗata. "Ke ai layinki a cike yake, Yaya. Kullum ina ganinki. Allah ya yi miki albarka."

Yabo ne a wurinsa. Ni kuwa da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na tashi na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji, na yi kukana na ƙoshi. Na yi wa Auta fatan abubuwa a zuciyata waɗanda ba zan maimaita ba. Yarinyar da ko cokali ba ta taɓa wanke masa ba, ta kashe waya kawai ta kwashe uban gaba ɗaya ta tafi da shi.

Daga ƙarshe ya yanke shawarar zai je da kansa. Ranar da ya zaɓa kuwa, ana gobe za a kwantar da ni a asibiti. Ni na haɗa masa jaka, na saka magani, na saka rigar sanyin nan tasa da ta ƙi tsufa. Muna tsaye a tasha, direba yana ɗaure kaya, na ce, "Baba, da ka bari sai mako mai zuwa."

"Akwai wani abu ne?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce tsakanina da abin da nake so. Amma ina da taurin kai irin nasa, kuma ba na son abin da na roƙa. Na ce, "Babu komai." Na tsaya ina jira ya ce me ya sa, kamar yadda ya yi wa dubban mutanen da bai sani ba. Ya ce, "To madalla," ya hau mota ya nemi kujerar taga.

Abin da ya tarar a can, daga baya Auta ta ba ni labari tana ƙyalƙyala dariya, ni kuma ina cije leɓe. Ya isa da la'asar, ƙafa a kumbure, zuciya a hannu. Ya same ta zaune a falo ta miƙe ƙafa tana kallon talabijin, ta yi ƙiba har wuya ya ninku. Wayarta ce ta faɗa bokitin wanki. Ta sayi sabuwa da sabon layi, lambobi duk sun tafi, ita kuma ba ta haddace ko ɗaya ba, har da ta ubanta. Kullum tana cewa gobe za ta nema a wurin wata 'yar'uwa, goben ba ta zo ba. Shi ke nan. Shekara da shekaru na gwaninta, Malam Giɓi ya yi tafiyar yini guda a kan batirin sikeli.

Washegari da rana ya kira ni ya ba ni albishir. Ni a lokacin ina ɗakin tiyata ban san inda kaina yake ba, wayar tana hannun maigidana a barandar asibiti. Maigidana direba ne, mutumin kirki, amma ba ya iya riƙe magana idan babba ya tambaye shi. Ya ce lafiya lau, ta ɗan fita ne. Sai ga wata ma'aikaciyar jinya ta turo gadon mara lafiya tana cewa a ba da hanya. Baba ya ce, "Ina ne nan?" Maigidana ya zazzage masa komai, tun daga kumburin har zuwa alkawarin da na sa shi ya yi. Ya ce Baba ya tambayi sunan asibitin kawai, ya kashe waya.

An cire ƙarin, kuma daga baya gwaji ya nuna ba mugun ba ne, Allah ya taƙaita. Amma ranar da Baba ya shigo ɗakin ba mu san haka ba tukuna. Lokacin ziyara ne na yamma, ɗakin cike da 'yan dubiya, ana ta buɗe kwanuka, wata tsohuwa a gadon kusa da ni tana faɗa da jikanyarta kan filo. Na hango shi a bakin ƙofa da jakar da na haɗa masa, daga tasha ko gida bai biya ba. Yana bin gadajen ɗaya bayan ɗaya da ido, yadda yake bin layuka. Ya wuce ni. Wallahi ya wuce ni, sai da ya kai ƙarshen ɗaki ya dawo, don matar da yake nema ta fi wadda take kwance jiki.

Ya jawo kujerar roba ya zauna. Ya dubi ledar ruwan da aka rataya, ya dubi hannuna, ya dubi wuyana. Bai taɓa kallona haka ba, kuma duk da ciwon ɗinki, wani abu a raina yana cewa ƙara, ƙara dai.

"Yaya," ya ce, murya a dushe. "Lafiya dai?"

Bakina ya riga ni. "Lafiya lau, Baba."

Ya girgiza kai a hankali. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya ce, "Casa'in da tara."

Ban gane ba da farko.

"Kullum amsa ɗaya, ba ta hawa ba ta sauka. Da ruwa da rana, ranar da aka binne mahaifiyarku ma haka kika ce mini. Da a ofis na ga layi irin wannan, da ban wuce shi ba, don na san ba awo ba ne, an rubuta ne kawai kada a bar wurin fayau. Ni kuma na ɗauka na yi ta tarawa ina rabawa, ina cewa 'yata ƙalau take." Ya goge ido da bakin rigar sanyin. "Kunyar jariran nan ashe ba ta koya mini komai ba."

Na so in ce masa ba komai. Na so kuma in ce masa da komai, in lissafa masa tukwane da wanki da duk yammacin da ya miƙe tsaye don wata ya bar ni a kicin. Sai na gyara kwanciya kawai. Tsohuwar gadon kusa ta daina faɗan filo ta zuba mana ido.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun hutun makaranta."

"Ba ƙarin nake tambaya ba."

Sai wayarsa ta fara ruri a aljihu. Ya ciro ta, ni ma ina hango allon daga inda nake kwance. Sabuwar lambar ce, ya riga ya saka mata suna da manyan baƙaƙe: AUTA. Na san abin da zai biyo baya, na sha gani. Zai miƙe, ya nemi baranda inda waya ta fi kamawa. Har na juya fuskata wajen bango don kada in ga tashinsa.

Ban ji ƙarar kujera ba. Na juyo. Ya kife wayar a kan ɗan teburin gefen gado, kusa da kofin ruwa, tana ta kuka tana zagaya kanta a kan ƙarfen. Allah ya yafe mini, ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma ban taɓa jin sauti mai daɗi irin na wayar nan da ba a ɗauka ba. Ta yi ta gaji ta yi shiru. Ta sake farawa. Baba bai ko waiwaya ba.

Ya matso da kujerar har gwiwarsa tana taɓa gadon, ya mai da tabaransa, ya ce, "Za ta jira. Ina jin ki, Yaya. Me ya sa? Faro mini daga farko."